Kuɗi na shigowa amma kullum "babu magani": ina gyaran yake?

Tambaya: Wani shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa daga yankin Kafin Hausa ya rubuto yana cewa: "Asibitin mazaɓarmu yana samun kason kuɗin gwamnatin tarayya na kula da lafiya a matakin farko, kuma muna da asusun magani mai juyawa, wato wanda ake sayar da magani a sake saro wani da kuɗin. Amma har yanzu mace za ta zo haihuwa a rubuta wa mijinta takarda ya tafi kemis, alhali a sito ga kwalayen magani nan wa'adinsu ya ƙare. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, noma da kasuwanci na sani. Wasu a kwamiti sun ce mu daina ɗauko magani a wurin gwamnati, mu riƙa aika mutum Kano ya sayo mai sauƙi. Mece ce shawararka?"

Amsa: Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da ka ɗauki wannan lamari da muhimmanci. Shawarata ita ce kada ku aika kowa Kano tukuna. Abubuwa biyun nan da ka ambata, rashin magani a ɗakin haihuwa da lalacewar wani a sito, tushensu ɗaya ne: ana saye ba tare da an san abin da ake sha ba. In ba a gyara wannan ba, ko daga wace kasuwa aka sayo, haka za a ci gaba da cika kanta da abin da ba a nema a rasa wanda ake nema. Tunda kuma ka san kasuwanci, rabin aikin ka riga ka iya shi.

Ranar da za ka koma asibitin, ka roƙi incaji, wato ma'aikacin da ke shugabantar asibitin, ya nuna maka katin sito. Kowane magani yana da katinsa, inda ake rubuta ranar da ya shigo, nawa ya shigo, nawa aka fitar, nawa ya saura. Ka zaɓi magani biyar kawai, ka ƙirga abin da ke kan kanta da hannunka, ka gwada da abin da kati ya ce. A aikina na harhaɗa magunguna da duba sito na ƙananan asibitoci, daga wannan ƙirgen kaɗai nake gane halin da wuri yake ciki. In kati ya ce saura hamsin ka tarar da hamsin, gyaranku mai sauƙi ne. In rabon da a taɓa katin tun wata uku, to duk odar da aka yi a tsakanin nan da ka aka yi ta.

Amma ko katin yana daidai, akwai wani abu da ba ya faɗa, kuma a nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Kati yana rubuta abin da aka fitar ne kawai, wanda aka nema aka rasa ba ya shiga. Mu ɗauki misali. A ce cikin wata uku an fitar da ƙunshi 600 na amoksisilin ɗin yara, wanda ake narkarwa a ruwa don ciwon nimoniya. Mai lissafi zai raba uku ya ce muna shan 200 a wata. To amma in ka duba katin da kyau za ka ga maganin ya yanke na kwana 30 a cikin kwana 90 ɗin nan. Ke nan cikin kwana 60 aka sha 600, goma a rana, wato 300 a wata. Wanda ya yi oda a kan 200 zai sake yankewa, watan gaba lissafinsa ya ƙara yin ƙasa, ya ƙara rage oda. Haka asibiti ke tsukewa a hankali, mutane su daina zuwa saboda sun san ba za su samu ba, sannan a duba rajista a ce ai marasa lafiyar ne suka ragu. Saboda haka a kowane kati a riƙa rubuta ranar da magani ya ƙare da ranar da ya dawo. Na kuma fi son a ajiye ƙaramin littafi a tagar ba da magani, duk wanda aka ce wa babu a rubuta sunan maganin da kwanan wata. Littafin nan na naira kaɗan ne, amma shi zai gaya muku abin da za ku saya fiye da kowane dillali.

Daga nan lissafin oda ba wuya. Ƙananan asibitoci suna aika rahoton kaya ne duk wata biyu, kuma ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada abin da ke sito ya wuce na wata huɗu, kada kuma ya gaza na wata biyu. A misalinmu na wata huɗu 1,200 ne. In akwai 350 a kanta, 850 za a nema. Shi ke nan.

Sai dai shekararmu ba a miƙe take ba. Abin da aka sha a watan Maris ba zai gaya maka abin da za a sha a Satumba ba. Daga Agusta zuwa Oktoba maleriya ce ke cika benci, kuma buƙatar kayan gwajin jini da haɗin maganin ACT da allurar atisunet takan ninka, duk da maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar a watannin damina. Gudawa ma lokacinta ke nan, don haka sai a tanadi ORS, wato haɗin gishiri da sukari, da zink da ledar ƙarin ruwa. Da bazara sai ƙyanda da sanƙarau, lokacin shuka da girbi kuma saran maciji. Don haka odar damina da katin daminar bara ake yin ta, ba da na watan jiya ba. Ku kuma a ƙasar Haɗeja kuna da ƙarin dalili. Kowa ya ga yadda ambaliyar 2022 ta yanke hanyoyi a Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma. Kayan Agusta da Satumba ya kamata su kwana a sitonku tun cikin Yuli, a kan katako sama da ƙasa, domin ranar da ruwa ya zo, mota ba za ta iso ba, kuma a daidai lokacin ne cuta ke ƙaruwa.

Yanzu batun ɗakin haihuwa, wanda shi ya fi damuna a wasiƙarka. Magunguna ba darajarsu ɗaya ba. Akwai waɗanda in babu su a daren nan rai zai iya salwanta kafin gari ya waye: allurar oksitosin da ƙwayar misoprostol da allurar tiranekzamik don zubar jini bayan haihuwa, magnisiyam salfet don jijjigar masu ciki, atisunet don yaron da maleriya ta kai shi ga suma. Akwai kuma su ruwan ƙarin jini masu zaƙi da na tari da na buɗe ciki, waɗanda ke fita da sauri su kawo riba. Idan kuɗi ya yi kaɗan, hannu yakan karkata wajen masu fita da sauri, shi kuwa magnisiyam salfet a ce ai ba kullum ake nemansa ba. Gaskiya ne ba kullum ake nemansa ba, amma ranar da aka neme shi ba a da lokacin zuwa kemis. Ku zauna da incaji da ungozoma ku fitar da abubuwa kamar ashirin da kuka yi alkawari ba za su taɓa yankewa ba, ku manna takardar a bango, kuɗin farko ya tafi kansu. Kuma ku tuna magani ba ya aiki shi kaɗai. Na sha ganin oksitosin a firji babu sirinji, ko ledar ruwa babu kanula, wato allurar da ake sa wa a jijiya don ƙarin ruwa, ko komai ya cika amma babu safar hannu. A lissafa su tare kamar abu ɗaya.

A kan wannan akwai wani aiki da ya kamata mu yi alfahari da shi. Binciken da aka yi a asibitocin Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Najeriya, aka fitar da sakamakonsa a 2023, ya nuna cewa in aka shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jini a gane yawansa da wuri, sannan aka ba ta magungunan a tare ba ɗaya bayan ɗaya ba, mummunar zubar jini tana raguwa da kusan kashi 60 cikin ɗari. Abin da nake so ka lura da shi, a tare ɗin nan ba ya yiwuwa sai duk kayan suna ɗaki ɗaya a lokaci ɗaya. Ilimin ungozoma yana nan, amma mai sito ne ke ba ta damar amfani da shi.

To, ina za a saya? Ni ina tare da ɗauka daga hukumar samar da magani ta jiha, wadda a Jigawa mutane suka fi sani da JIMSO, a Kano kuma DMCSA. Dalilin kafa irin waɗannan hukumomi shi ne asibiti ɗaya ba shi da ƙarfin ciniki, kuma ba shi da yadda zai tantance kamfani. Jigawa na da mazaɓu 287, Kano na da 484. In aka haɗa buƙatarsu aka je wa masana'anta kai tsaye, farashi yana sauka, kuma in aka samu matsala a wani rukunin magani an san inda ya fito da inda aka kai shi. Mutumin da kuka aika da kuɗi a aljihu ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun nan. Zai dawo da rasit mai sauƙi, amma a ƙara kuɗin mota da na abinci da ranar da ta tafi, sauƙin yakan ragu ƙwarai. Sauran sauƙin kuma sai a tambayi daga ina ya fito. Araha ba ta ado. Oksitosin, alal misali, tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye shi. In ya yi makonni a shago cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, kwalbar ba za ta canza kama ba, lambar NAFDAC tana nan, kwanan wata bai ƙare ba, amma ƙarfinsa ya ragu. Ungozoma za ta yi allura ɗaya, ta ƙara ta biyu, jini bai tsaya ba, kuma ba wanda zai ce daga kasuwa aka kawo matsalar.

'Yan kwamitinku da ke ƙorafi ba su rasa hujja ba. Akwai lokacin da za a je sito na jiha a tarar abin da ake nema ya yanke, kuma ba za a ce wa mara lafiya ya jira ba. Abin da ya dace shi ne a karɓo shaida a rubuce cewa babu, sannan a saya daga babban dillali mai lasisin hukumar kula da harhaɗa magunguna ta ƙasa, PCN, daidai abin da zai kai ku zuwa lokacin da kaya za su dawo. A Kano, tun 2024 aka tashi masu sayar da magani a sari daga kasuwar Sabon Gari zuwa cibiyar da aka gina musu a Dangwauro a kan hanyar Zariya, inda hukumomi ke iya sa ido. In ya zama dole a je, can za a je. A nemi farashi daga wuri uku a rubuce. Takardar kaya ta ɗauki sunan kamfani da lambar rukunin magani da ranar ƙarewar wa'adi, ba "magani katan biyu" kawai ba. Magungunan maleriya da wasu na kashe ƙwayoyin cuta suna da wurin kankarewa a jikin kwali, a aika lambar ta saƙon waya a samu amsa ko na gaskiya ne; NAFDAC ta fara wannan tun 2010 kuma mutane ƙalilan ne ke amfani da shi. Kuma kada dillalin ya zama ɗan wani a kwamiti ko surukin wani a asibiti, ko da kuwa mutumin kirki ne. Ranar da ya kawo kaya marasa kyau, ba mai iya buɗe baki ya ce a mayar.

Sai asusun juyawa. Wannan tsari ya samo asali ne daga taron ministocin lafiya na Afirka a Bamako a 1987, kuma manya irinka sun tuna maganin PTF, asusun rarar kuɗin man fetur na zamanin Abacha, yadda kantoci suka cika sannan a hankali suka koma wayam. Asusun nan tamkar tireda yake: mai tireda da ke cin uwar kuɗi yana ganin ciniki na tafiya, har ranar da zai je sari ya ga abin hannunsa ba ya sayen rabin kayan da ya saba. Hanyoyin da uwar kuɗin magani ke zurarewa sanannu ne. Bashin da ake ba ma'aikata da masu faɗa a ji ba a rubuta ba. Ranto kuɗin magani a sayi man janareta ko a gyara famfo da niyyar za a mayar. Maganin da ya lalace. Mara galihun da aka ba kyauta, wanda abu ne mai kyau, amma ba a ce ga aljihun da zai biya ba. Ba na cewa a kori talaka. Ina cewa a rubuta sunansa da kuɗin maganinsa, a biya asusun daga wani wuri, ko daga kuɗin masu rajistar hukumar taimakekeniyar lafiya ta JICHMA in yana cikinsu, ko daga gudummawar masu hali da zakka da kwamiti zai nemo.

Akwai kuma hanya ta biyar da ta fi sauran ɓarna a 'yan shekarun nan, kuma ba sata a cikinta. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 farashin magani ya yi tsalle, har wasu manyan kamfanonin waje irin su GSK suka sanar da rufe harkarsu ta kai tsaye a ƙasar nan a shekarar. A ce kun sayi katan a 10,000 kuka sayar a 11,500, littafi zai nuna riba. Kuka koma sari kuka tarar ya zama 14,000. A takarda kun ci riba, a kanta kuwa kayanku sun ragu. Don haka a riƙa neman sabon jadawalin farashi daga sito na jiha a duk oda, a daidaita na asibiti da shi bisa ƙarin da jiha ta amince, a manna a bango kowa ya gani. Kuma a ƙarshen kowane wata kwamiti ya nemi lissafi guda: darajar maganin da ke sito, a haɗa da kuɗin banki da na hannu da bashin da ake bin mutane, a cire wanda ake bin asibiti. In jimillar nan tana raguwa wata bayan wata, akwai inda ke yoyo, ko da ciniki ya yi kyau.

Kuɗin gwamnatin tarayya da ka ambata yana da nasa ƙa'idar. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ce ta kafa asusun da wannan kuɗi ke fitowa daga ciki, da aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma ta ware kashi 20 na asusun don magunguna da alluran rigakafi da kayan aiki na yau da kullum. Kada a cuɗa shi da kuɗin juyawa a asusu ɗaya. Haka nan kayan da ke zuwa kyauta, kamar rigakafin yara da kayan tazarar haihuwa da maganin maleriya na tallafi, kantarsu daban, katinsu daban, kuma jama'a su san kyauta ne. Wurin da aka gauraya na kyauta da na sayarwa, a nan amana ke fara lalacewa tsakanin gari da asibiti.

Ranar karɓar kaya, mutum biyu su tsaya, ɗaya ma'aikaci ɗaya ɗan kwamiti, a buɗe kowane katan a ƙirga kafin a sa hannu. Abin da wa'adinsa ya kusa ƙarewa, in kun san ba za ku shanye shi kafin lokacin ba, kada ku karɓa don kunya. A kanta kuma wanda zai riga ƙarewa shi ne a gaba, ko da shi ya zo daga baya. Duk abin da ya rage masa wata shida a sa masa alama da jan biro, in ya fi ƙarfinku a sanar da ofishin lafiya na ƙaramar hukuma a kai wa asibitin da ke nemansa tun yana da amfani. Kwalayen da suka riga suka lalace a ware su, a rubuta, a miƙa ta hannun hukuma. Kada a zuba a juji inda yara da masu tsince-tsince za su kai gare su. Ɗakin sito in kwano ne babu silin, sa silin da buɗe tagar iska ya fi sabon fenti amfani, domin yawancin magunguna ba a son su wuce digiri 30. In kuna da firjin sola na rigakafi, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun amince tun 2015 a ajiye oksitosin a cikinsa muddin an ware shi a akwati mai rubutu ƙarara. Ku tambayi jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma yadda za a tsara.

Abu ɗaya da ya wuce ƙarfin mazaɓa ɗaya shi ne jigila. Incajin da ya rufe asibiti ya hau babur ya tafi ɗauko kaya, ranar nan babu mai duba mara lafiya. Kano ta gwada kai alluran rigakafi kai tsaye daga sito na shiyya zuwa asibitoci a mota bisa jadawali, bayan yarjejeniyar da ta ƙulla da gidauniyar Dangote da ta Bill Gates, kuma yankewar rigakafi ta ragu. Babu abin da ya hana a yi wa sauran magunguna haka. Kafin a kai can, ku shugabannin kwamitocin mazaɓun da ke maƙwabtaka za ku iya sa ranar oda ɗaya, mota ɗaya ta ɗauko muku gaba ɗaya ku raba kuɗin.

Sai ka yi hattara da yadda za ka shigo da duk wannan. Zaɓen wane magani ya dace da wace cuta aikin ma'aikata ne, kwamiti ba ya shiga. Naku shi ne ƙirge da lissafi da sa hannu. Da yawa daga cikin incajin ƙauye su ne masu duba marasa lafiya, su ne masu karɓar haihuwa da dare, su ne masu cika rajista, don haka katin da ba a cika ba sau da yawa gajiya ce ta jawo. Ka same shi ku biyu kafin taron kwamiti, ka ce ka zo a raba nauyi ne, ka nemi a ɗora sito a wuyan mutum guda sananne, ba wanda ke riƙe da kuɗi ba. In bayan wata uku kun gyara naku ɓangaren amma kaya daga sama suna ci gaba da makara ko zuwa a gutsure, ku rubuta takarda ta hannun shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma zuwa sashen kula da jigilar kayan lafiya na ma'aikatar lafiya a Dutse, ku haɗa da kwafin odar da kuka yi, da abin da aka kawo, da shafukan littafin nan na tagar magani, hakimi ko dagaci ya sa hannu tare da ku.